Mai Amsa Bugu

Babban yatsansa na dama ne ya fara cin amanarsa. Gali na kishingiɗe a doguwar kujera, an toshe masa kunnuwa, likita ta ɗora masa wani abu mai siffar lamba takwas a gefen kai na hagu. Abin ya yi ƙas sau ɗaya, sai yatsan ya zabura shi kaɗai, ba da izinin mai shi ba.

"Voilà," in ji likitar, ta juya tana yi wa 'yarsa Zakiyya bayani da Faransanci.

"Baba, ta ce an sami wurin," Zakiyya ta fassara masa. Ma'aikaciyar jinya ce a wannan ɗan asibitin, kuma nacinta ne ya kawo shi. "Maganaɗisu ne kawai. Ya taɓa jijiyar da ke motsa yatsa, da haka ake auna ƙarfin da za a sa maka."

Gali bai ji ko rabin maganar ba. Yatsan yake kallo. An buga, ya amsa. Abin da ya yi wata da watanni yana gudu ke nan.

Duk wanda ya san unguwar Briqueterie ya san rumfar bugu ta 'ya'yan Babba, a lungun da ke bayan masu soya, wato masu tsire. In shadda ta sha sitaci, ko tela ya gama babbar riga, nan ake kawowa a buge ta har ta yi ƙyalli. Mutum biyu ne, gungume ɗaya a tsakaninsu, kowa da mabuginsa na itace. Tahiru, da yake shi ne wa, shi ke buɗewa, Gali yana amsawa. Tun gemunsu bai fito ba haka suke, har ya yi furfura, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa jin ƙanen ya riga wan sauke hannu ba. Ba su cika hira ba. Rahinatu, matar Gali, takan ce sun ƙarar da maganarsu a kan itace, shi ya sa ba ya dawo mata da ko ɓurɓushi.

Rannan da hantsi Tahiru ya buga, Gali ya amsa, ya jira. Da jiran ya yi tsawo ya ɗaga kai, ya ga yayansa kife a kan wata shuɗiyar shadda, mabugin na hannunsa.

Bayan sadakar arba'in Gali ya fara jin bugun. Ba ma da dare ba, da rana tsaka, babura na ta kururuwa a titi. Hannu ɗaya ne, nauyin hannun Tahiru sak, kuma bayan kowane bugu akwai giɓi, daidai inda nasa ya kamata ya sauka. Tun suna yara mahaifiyarsu ta ja musu kunne cewa kiran da ba ka ga mai yinsa ba, ba a amsawa, domin wanda ya amsa sai ya bi. Saboda haka ya sa wa rumfar kwaɗo, ya shiga ɗaki, ya juya wa duniya baya. Tuwo ya koma masa kamar ƙasa a baki. Wanka sai an yi da gaske. Yana tsoron kiran, amma shi kaɗai yake tashi yana jira, don shi ne abin da ya rage masa na ɗan'uwansa. Bai gaya wa kowa ba.

Unguwa kuwa ba ta rasa abin faɗa. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce baki ne. Ya sha rubutu, ya shaƙi hayaƙi, ya haɗiyi ƙwayoyin asibiti har suka kumbura shi da barci, duk a banza. Zakiyya ce kaɗai ta kira abin da sunansa, ta ce ciwon damuwa ne, kuma akwai injin da ke tayar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya kwanta.

"Ikon Allah," Rahinatu ta ce a cikin taksi da safen da za su asibitin, tana gyara masa hula. "Mutum ya ƙare rayuwarsa yana bugun kayan mutane, yau ga shi za a kai shi a buga. Malam, ka ce musu su yi a hankali, shaddar ta tsufa."

Bai yi dariya ba.

Bayan gwajin yatsa, likita ta matsar da abin gaba kaɗan, wajen goshi. Ya shiga ƙwanƙwasa da sauri, ƙas-ƙas-ƙas, ya yi shiru, ya sake. Ko a cikin firgicin, sai da Gali ya raina aikin. Wannan mai bugun ba shi da natsuwa, ya ce a ransa, kuma ba ya barin wa abokin aiki wuri.

Da ya koma gida ya yi wanka ba tare da an roƙe shi ba, ya yanke farce, ya sa farar riga, ya zauna jiran abin da ya amsa. Rahinatu ta leƙo ta gan shi fes, ta koma madafa tana hamdala. Mutuwa ba ta zo ba. Washegari taksi ne ya zo.

Haka aka yi ta yi kowace safiya, su haura unguwar Tsinga, su wuce babban masallaci, a ɗaura masa abin, a sauke. Sauƙi bai shigo da sallama ba. Wata rana dai hayaƙin soya ya biyo taga, ya ji yawunsa ya tsinke. Wata rana ya ce miya ta yi ƙarancin gishiri, Rahinatu ta ajiye ludayi ta fashe da kuka. Ya fara fita sallar la'asar, maƙwabta na miƙa masa hannu biyu kamar wanda ya dawo daga Makka.

Shi kaɗai ya san abin da ake cire masa. Bugun da a da yake ji kamar a bayan bango ya koma kamar daga unguwar Madagascar yake zuwa. Daga nan ya yi nisa har bayan unguwar Cité Verte. Daga baya sai ruwa ya ɗauke, kwanon rufi ya yi shiru, sannan yake tsinkayar ɗan abin da ya rage.

Wata safiya Zakiyya ta zo cikin fararen kayanta, ta tarar da shi ko takalmi bai sa ba.

"Baba, taksi na jira."

"Sallame shi. Na gode, ya isa haka."

"Saura kaɗan fa. In aka yanke a tsakiya, ciwon na iya dawowa."

"Ya dawo mana." Ya daɗe yana murza babban yatsan nan, sannan ya gaya mata komai, da kiran, da giɓin, da gargaɗin kakarta. "Injinku yana kore min shi, Zakiyya. In ya tafi, wa ya rage min?"

Ya zaci za ta kawo masa bayanin jijiyoyi. Sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Ni ma ina kewar Baffa," ta ce. "Amma ranar nan mutum ɗaya aka kai maƙabarta, mu kuwa biyu muka rasa. Ɗayan ba ni da yadda zan yi. Ba zan ja ka ba, Baba. Ina bakin ƙofa."

Ya zauna har direban ya gaji da danna ham. Sannan ya laluba ƙarƙashin gado ya jawo takalmansa.

Ranar da aka gama, likita ta riƙe hannunsa ta ce ya yi ƙoƙari. Bai wuce gida ba. Ya bi lungun masu soya, ya buɗe kwaɗon da ya yi tsatsa. Gungumen na nan, ƙura ta rufe shi, mabugai biyu na jingine da juna. Ya share wurin da hannun riga, ya shimfiɗa wani tsohon yanki na shadda, ya zauna a gefensa na kullum. Ya yanke shawara tun a hanya: in Yaya ya buga yau, zai amsa da gangan, abin da zai faru ya faru.

Ya ɗaga mabugi ya jira. Ya ji babura, ya ji ƙarar mai a kan wuta, ya ji wata mata tana ciniki da Fulatanci. Ya jira har kafaɗarsa ta gaji.

"Yaya," ya ce a hankali, "ka yi min afuwa, zan riga ka."

Ya sauke hannu.

Daga tsakar gida Rahinatu ta jiyo ƙarar ta ratso katanga, ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Ta buɗe baki za ta yi guɗa, sai ta fasa, ta ƙara kasa kunne. Bugu ɗaya, sai shiru, sai wani bugun. Duk bayan saukar hannu yana barin wurin mutum ɗaya.