Ɗanyar Fatar Rago

Ƙarar da Najiba ta ji ba ta nonon dabino ba ce. Shekara tara tana zaman tsince a lambun surukinta, ta san yadda nono yake faɗowa in igiya ta kuɓuce, da watsewar 'ya'ya a bayansa. Wannan tim ɗaya ce mai nauyi, sai kuma shiru, har matan da ke kan tabarma suka tsaya da hannuwansu cikin kwali. Ta ɗaga kai. A saman doguwar bishiyar da ke bakin magudana, inda mijinta Lazhar yake yanzun nan yana yi musu tsiya wai sun cika nawa, babu kowa sai laujensa da ke lilo a jikin reshe.

Ba ta san lokacin da ta tsallake kwalayen ba. Ta same shi a rigingine, ido buɗe, baki yana motsi ba murya. Baffa Tijani, ƙanen mahaifinsa, ya riga ta isa, har ya sunkuya zai zura hannu a hammatarsa.

"Kada ka taɓa shi!"

Tijani ya ja baya don mamaki. Tunda aka kawo ta gidan nan ba wanda ya taɓa jin muryarta ta wuce ta tukunyar shayi. Ta durƙusa ta wajen kan Lazhar, ta kafa gwiwoyin hannunta a ƙasa, ta tallafe kan da tafukanta biyu ta gefen kunnuwa, yadda aka nuna mata.

A hunturun bara ne ta je garin Kibili kwana uku koyon agajin gaggawa, don kawai mijinta mahayin dabino ne kuma tsoro ya hana ta sakat. Ta dawo da takarda, aka yi ta yi mata dariya a gida, aka laƙaba mata Dakta. Ko yaro ya yi tuntuɓe sai a ce a kira Dakta. Abu ɗaya dai ya zauna mata daram daga bakin matar da ta koyar da su: wanda ya faɗo daga sama, a ɗauka wuyansa ya karye har sai hoton asibiti ya ce a'a, kuma hannun da ya riƙe kan ba ya saki sai an kawo abin ɗaure wuya. Karyewar ƙashi da sauƙi, ta ce musu, lakar da ke cikinsa ce in ta tsinke ba ta da ɗori.

"Lazhar, ni ce. Kada ka juya, kada ka ɗaga kai. Kana ji na?"

"Ina ji," ya ce da ƙyar. "Wuyana."

"Na sani. Motsa min babban yatsan ƙafarka."

Ta zuba wa ƙafafunsa ido, ƙafafun nan masu kaushi da suka hau kowace bishiya a lambun ba takalmi. Yatsan dama ya motsa, na hagu ya biyo baya. Ta yi hamdala a zuci.

"Hadda!" ta kira maƙwabciyarsu da ke tsaye tana salati. "Ke nake nufi, bar salatin ki ciro waya. Ki kira motar asibiti, ki ce mutum ya faɗo daga dabino, yana numfashi, yana magana, wuyansa na ciwo. Ki tura wani ya tsaya musu a bakin titi."

Hadda ta kira. Aka ce motar tana tahowa daga Kibili, sai su ba ta minti arba'in. Tijani kuwa ya dawo da gorar ruwa zai ɗura wa Lazhar.

"Baffa, don Allah a'a. Ko ɗigo."

"Ikon Allah! Yau Dakta ta samu asibiti. Mutum ya faɗo, a hana shi ruwa? Ko kafiri ana ba shi ruwa."

"In ya shaƙe zai yi tari, in ya yi tari wuyan zai motsa."

Yana shirin mayar mata sai ga surukinta Baba Balgasim daga can ƙarshen lambu, yana sauri irin na ɗan shekara saba'in. Ya tsaya a kan ɗansa, ya dube shi, ya ɗaga kai ya auna tsawon bishiyar da ido. Ya juya ya nufi inda aka ɗaure ragon da ake ajiye wa walimar gama yankan dabino, yana lalubar wuƙa a ɗamararsa.

Najiba ta san abin da ke tafe. Duk wanda ya tashi a garin nan ya sani. In mutum ya faɗo daga dabino, rago ake yankawa nan take, a feɗe, a tuɓe mutumin a naɗe shi cikin fatar tun tana da ɗumi, ta zuƙe mataccen jini. Shi kansa Balgasim an naɗe shi yana saurayi, kuma babu zaman cin kuskus na ranar Juma'a da ba ya ba da labarin. Abin da ba ya faɗa, don bai sani ba, shi ne haƙarƙari ya fasa a lokacin, ba wuya ba. Kuma ba a naɗe mutum sai an ɗaga shi an juya shi.

Ta ji kukan ragon, ta ji bismillah, ta ji shure-shurensa a ƙasa har ya yi shiru. Hannuwanta sun fara sagewa. Ƙudaje suka bar dabino suka koma wajen jini. Tana jin bugun jijiyar Lazhar a tafinta, tana ƙirga numfashinsa da ido, tana yi masa surutun da ita ma ba ta san me take cewa ba. Tsoro take ji ƙwarai, kuma ba na bishiyar ba, na tsohon da ke feɗe rago don son ɗansa.

Ba a jima ba ya taho da fatar a kan hannuwansa biyu, tana tururi, jini na ɗiga a kan takalmansa.

"Tashi, 'yar nan. Kin yi naki, Allah ya yi miki albarka. Tijani, kama ƙafafun."

"Baba, ka yi min rai. Ba zan saki ba."

"Me kika ce?"

"In aka ɗaga shi yanzu zai iya rasa ƙafafunsa. Har ransa ma. Motar tana hanya."

"Motar! Kafin a yi mota a ƙasar nan da me muka rayu? Dube ni. Ni ba da ƙafata nake tafiya ba? Kwana uku kika yi a gaban allo, za ki koya min yadda zan yi da ɗan da na haifa?"

"Abin da babba ya hango," in ji Tijani, "yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Balle mace mai takarda."

"Fatar tana hucewa!" tsohon ya daka tsawa, muryarsa na karyewa. "In ta huce ba ta da amfani. Lazhar, gaya wa matarka ta sake ka!"

Nan ne ta ji wuyan yana neman juyawa a hannunta. Lazhar bai taɓa jin muryar ubansa ya ƙi waiwayawa ba. Ta matse tafukanta, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa nasa.

"Ni za ka kalla. Ka ji? Ni."

Tana sunkuye ba ta ga Tijani ba. Shi a ganinsa taimako yake, a gama a huta da gardamar mace. Ya cafki ƙafafun Lazhar a gwiwa, ya ɗaga har ƙugu ya bar ƙasa, ya karkata shi don a zura fatar ta ƙasa. Ta ji jan ya biyo ƙashin baya ya iso hannunta. Lazhar ya yi wata ƙara siririya, idanunsa suka juye.

"Ajiye shi! A hankali! Wallahi tallahi duk wanda ya sake taɓa shi, ni da shi har gaban Allah!"

Ihun ya sa tsuntsaye suka tashi daga rassa. Tijani ya sauke ƙafafun ya ja da baya yana goge hannu a riga. Najiba ta kara kunci a bakin mijinta. Da numfashi, gajere amma yana fita. Ta duba ƙirjin, yana hawa yana sauka. Ta kira sunansa sau uku bai amsa ba.

Balgasim na tsaye da fatarsa, ya rasa inda zai sa ta. Sai ya ba ta tausayi duk da haushinsa da ya cika mata ciki. Ta sassauta murya.

"Baba, ɗumi kake so ya samu, ni ma shi nake so. Jikinsa ya fara sanyi. Ka yanka rigar da wuƙa, ka shimfiɗa masa a sama. Kada dai a ɗaga shi."

Tsohon ya dube ta, ya dubi fuskar ɗansa da ta yi fari. Ya durƙusa, ya tsarga rigar da wandon da bakin wuƙa, ya shimfiɗa ɗanyar fatar daga ƙirji har gwiwa, ya bi ta da hannu yana dannawa a hankali yana karanta abin da ya sawwaƙa. Matan suka matso suka yi da'ira. Hadda ce kawai take duba waya tana duba hanya.

Can Lazhar ya buɗe ido. Ba abin da yake iya gani sai fuskar matarsa a kife da rassan dabino a bayanta.

"Najiba."

"Ga ni. Kada ka motsa."

Ya ja hanci. "Ina jin ƙarnin fatar." "Haba Dakta, kada ki kunyata Baba a gaban mutane. Ki bar shi ya sa min ita mana, tun ba ta huce ba."

Hannun Balgasim yana kan cinyar ɗansa, a saman fatar. Najiba ta ga yatsun tsohon sun matsa, sun ƙara matsawa har jijiyoyin hannun suka tashi, idonsa na kan fuskar Lazhar yana jira. Fuskar ba ta canza ba, bai ji matsin ba, bai ma san fatar tana jikinsa ba. Tijani ya zame ya zauna a bakin magudana ya ɗora hannu a ka.

Daga nesa, ta wajen titi, jiniya ta fara tasowa. Hawayen Najiba ya ɗiga a goshin mijinta, ba ta da hannun da za ta share.

"To," ta ce. "Yanzu zai sa maka. Kai dai kada ka motsa."