Muryar Baba a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Kwamfutar nan ta tsufa, ni ma na sani, ba sai Falalu mai gyara ya yi ta nanata mini ba. Ranar da ta ƙi tashi na kai masa ita shagonsa a Ƙaraye, ya kwashe abin da ke ciki, ya ɗora mata sabon tsari. Komai ya dawo, har hotuna, amma sauti shiru. Sai wani jan kuros da ya zauna a kan alamar lasifika.

"Malama Munawwara, sabon tsarin nan bai san katin sautinki ba," in ji shi. "Ki sayi wata ki huta mana."

"Malam Falalu, gyara na kawo, ba shawara na zo nema ba."

Na yi masa tsawa, ban kyauta ba. Bai san cewa karatun mahaifina ne a ciki ba. Shekara huɗu da suka wuce na je gida Gwangwan da azumi, na ɗauki tafsirinsa na kwana tara da kwamfutar. Ban taɓa saurara ba, kullum sai in ce sai na samu natsuwa. Ga shi ya rasu bayan Babbar Salla, kuma duk gidanmu babu mai muryarsa ko ta minti ɗaya, don bai yarda a sa masa waya a baki ba. Da na gaya masa, Falalu ya ce in juye a wayata in ji. Na gwada, sai shuuu kawai, na ce ai lasifikar wayar ce ba ta da ƙarfi.

Kwana uku yana neman direba, wato 'yar manhajar da ke sa katin ya yi magana. Ni kuwa in na taso daga makarantar da nake koyarwa, sai in zauna a ɗaki ni kaɗai, ko rediyo ba na kunnawa. Wallahi kewa ta ishe ni.

Ranar Laraba da la'asar ya kira ni. Jan kuros ya tafi. Ya sa wata waƙa, ta cika shagon har mai shayi ya leƙo. Na ce ya kashe, ya buɗe na Baba.

Shiru. Ya ƙara murya zuwa hamsin, zuwa ɗari, ya jona babbar lasifikarsa ta biki. Sai ga zakara ya yi cara kamar a kan teburin. Ga luguden daka, ga wata mata tana numfashi tana gyara zama. Can ƙasa, nesa, wani abu na tashi yana sauka, ko kalma ɗaya ba a kamawa.

"To kati lafiyarsa lau," in ji Falalu. "Wai a ina kika ajiye ta lokacin ɗauka?"

"A tsakar gida," na ce. Ni ce 'yar fari. Ban taɓa zama kusa da Baba ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba, haka aka yi mana tarbiyya. Yana zaure da mutanensa, ni kuwa na zauna a tsakar gida bayan katanga, kwamfutar a cinyata, kunya ta hana ni matsawa ko taku biyar.

Falalu ya miƙa hannu zai kashe.

"Bari," na ce. "Ai shi ne."

Na jawo kujera, na manna kunnena a jikin lasifikar. Numfashina na ji, na kwana tara.