Ranar da Aka Tsayar da Mai Kaho

"Ku ɗaga shi mana, ba a jin taken ƙasa a kwance," in ji mai kyamara.

Ina tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa, na ji kamar in watsa masa a fuska. Wanda ake cewa a ɗaga ɗin Baba Mai Kaho ne, maƙwabcina, wanda kwana tara ke nan ko banɗaki sai an kai shi. Katanga ɗaya ce tsakanin shagon ɗinkina da ɗakinsa, ni ke kai masa abinci, ni ke wanke zanen gadonsa. Ɗansa Darakta kuwa inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Rabonsa da gidan tun damina, sai ga shi da hantsi da mota biyu da 'yan talabijin, wai taken ƙasa ya cika shekara hamsin, kuma ubansa kaɗai ya rage cikin 'yan badujalar da suka fara busa shi.

Baba bai damu da bikinsu ba. Abu ɗaya yake so, ya kuwa gaya mini tun jiya ina shafa masa mai a ƙafa.

"'Yata, kiɗan nan ba namu ba ne. Shugaban badujalarmu ne ya tsinto shi a wani tsohon littafi. Maƙwabtanmu na tsallaken iyaka ma shi suka ɗauka. Ranar ƙwallo sai mu busa musu a hankali, mu busa wa namu da sauri, kowa ya dafe ƙirji yana hawaye wai nasa ya fi daɗi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Amma kalmomin na gidan nan ne. Matata Malama ce ta rubuta su a bayan rajistar aji, tana goye da Daraktan nan. Inda aka ce ƙasar da ta goya mu ba ta gaji ba, ai shi ne ya ƙi sauka daga bayanta ran nan. Ta aika gasa, aka karɓa, aka rubuta kwamiti a ƙasan takarda. Har ta rasu ba wanda ya ambace ta. In suka miƙo mini abin magana, sunanta zan faɗa."

To ga shi sun zo. Suka tura fo ƙarƙashin gado da ƙafa, suka rataya tuta a kan dattin bango, suka ciro tsofaffin kayansa na soja daga akwati. Rigar ta yi masa yawa kamar ta aro, aka ce tunda ni tela ce in kama ta da fil ta baya. Na kama, kuma har yau ina jin haushin hannuna.

"A bar ni in yi maganata tukuna," in ji Baba. "Ba ta da tsawo."

"Take ne farko, Baba, haka tsarin yake," in ji 'yar jaridar da suka zo da ita, idonta na kan wayarta.

Darakta ya sunkuyo kusa da kunnensa, amma na ji shi sarai. "Baba, don Allah ka bar zancen Mama. Ba a rubuce yake ba. Kada ka ja mini magana a ofis."

Allah wadaran naka ya lalace. Baba ya zuba masa ido.

Suka jingina shi da kabad, suka danƙa masa kahonsa, aka kunna lasifika har tagogi na rawa. Nan take kowa ya ƙame, hannu a ƙirji, ido a sama, har da direban da ke leƙe ta taga. Baiti uku ne, kuma sun rantse sai an ji duka.

A baiti na biyu gwiwoyin Baba suka saki. Kahon ya faɗi ya gangara kan siminti, shi kuma ya fara sulalewa a jikin kabad ɗin. Mutum bakwai ne a ɗakin, duk sun gani, ba wanda ya motsa. Darakta ya saci kallo sau ɗaya, ya mayar da idonsa kan tuta. Na yar da kofin na ruga.

"Ke! Take ake yi!" wani ya daka mini tsawa ta gefen baki.

"Take ya ci gidanku!" na ce, na tare kansa kafin ya bugi ƙasa.

Bakinsa na motsi. Na kara kunnena, amma ƙarar lasifikar ta cinye komai. Na yi ihu a kashe, ba wanda ya kula ni. Kafin baiti na uku ya ƙare, na ji ya yi nauyi a hannuna. Sai da kiɗan ya tsaya cak sannan suka sauke hannuwansu, sannan Darakta ya tuna yana da uba, ya fashe da kuka. Ina rufe wa Baba ido na ji 'yar jaridar tana tambayar mai kyamara ko sun samu abin da suke so, ya ce farkon ya fita da kyau. Ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta ranar ba.

Kwana uku da binne shi aka nuna shirin a labaran yamma. Ina shago, na tsayar da keke na ɗaga kai. Darakta ya yi minti biyar yana bayanin hikimar kwamiti da kishin ƙasa. Daga nan aka nuno Baba, bai kai ƙiftawar ido goma ba, a tsaye jikin kabad, kaho a hannu, tun kafin ya faɗi. Mai karanta labarai ta ce ga tsohon soja yana rera taken ƙasarsa har numfashinsa na ƙarshe.

Na matsa dab da akwatin talabijin ɗin. Ba take yake rerawa ba. Leɓɓansa na buɗewa suna rufewa a kan kalma ɗaya, gajeriya, sunan matarsa, yana ta maimaita ta a ƙarƙashin kiɗan.