Sunan 'Yar Fari

A kasuwar dabbobi ta Dutsin-Ma Atiku dillali ya miƙo wa Malam Hudu waya yana ƙunshe dariya, wai ya zo ya ga kansa. Katun ne, zanen nan mai motsi. Ga dattijo kamarsa sak, da malafa, sanda a kafaɗa, har giɓin haƙorinsa ba a bari ba. Yana kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, yana ba su nono. Da ya zo kan babbar sai ya kau da kai ya ce, "Ke." Yarinyar ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma kamar ƙwayar gero, kaza ta zo ta tsince ta. A nan abin ya ƙare.

Atiku ya ce mutane sun fi dubu da suka kalla, kowa na cewa wannan uba ba shi da tausayi. Kuma Mardiya ce ta zana, 'yar farin Malam Hudu da ke jami'a.

 Malam Hudu ya bar wa Atiku awakin da ya kawo daga Barkiya, ya tari Keke Napep zuwa wurin Mardiya. Dariyar dillalai ba ta dame shi ba. Abin da ya tokare masa ƙirji shi ne ko da gaske haka yarinyar ke ganinsa.

Ta fito ƙofar gidan da suke haya da ƙawayenta, ta durƙusa. Tun daga yadda ya amsa gaisuwar ta gane. Ta ce za ta goge katun ɗin, yanzu ma. Ya tambaye ta, idonsa na kan kwata, ko ba ta san ba a kiran sunan ɗan fari ba. Shi ma har mahaifinsa ya rasu bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba.

"Na sani, Baffa," ta ce. "Sanin bai hana ni jira ba."

Ya buɗe baki. Sunan na nan a kan harshe, shi ya raɗa mata shi, amma ya ƙi fita. Tana durƙushe tana kallon bakinsa. Wasu ɗalibai suka zo wucewa, suka rage tafiya.  Ya sake gwadawa, sai tari ya fito. Ta sunkuyar da kai, ta fara miƙewa.

Sai ya ce ta ba shi biro da takarda.

Rani biyu ke nan yana zuwa ajin yaƙi da jahilci, bai bari an gaya mata ba. Ya tsuguna, ya ɗora takardar a gwiwa, ya damƙe biron kamar mai riƙe basilla. Ya daɗe a kan kowane harafi, layin na hawa sama. Sunanta ne, kalmar da ya fara roƙon malamin ya koya masa, tun kafin nasa sunan.

"Ke, riƙe."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta karanta, ta sake karantawa, ba ta ɗago ba.

"Kada ki goge katun ɗin," ya ce, yana kaɗe rigarsa. "Kazar nan dai ki cire ta. Ina tsaye kaza ba za ta ɗauke ki ba."