Farfesun da Aka Ce Ba Gishiri

A layin su Asabe, can bayan kasuwar Jega, har yau maza ba su daina ciyayya ba. Da an sallame Magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Sa'idu, wanda ya girmi kowa a layin, kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa a jera a tsakiya, a ci na wannan a koma na wancan. Maza suna cewa zumunci ne. To, a wurinsu zumuncin ne. Matan da ke cikin gida su suka san jarrabawa ake yi musu kullum ba da shawararsu ba, sakamakon kuma a cikin kwano yake dawowa, wani an suɗe shi tas, wani da rabin tuwo ya sandare a ciki.

Shekara tara kwanon Asabe yana dawowa tas. Ba ta taɓa yin fariya da baki ba, amma ta san yadda take wanke shi, a hankali, a tsakar gida, inda duk maƙwabciyar da ta leƙo za ta gani.

Sai mijinta Haliru ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar albasa ta Aliero, yana tsaye ana loda masa buhuna. Likita ya ce jininsa ya hau sosai. Ya hana shi gishiri da dunƙulen ɗanɗano da soye-soye, ya ce a yawaita kifi da ganye, mai kuwa cokali ɗaya ya isa. Asabe ta tsorata ƙwarai, kuma da gaskiyarta ta fara. Kullum da yamma takan dafa farfesun tarwaɗa da albasa da zogale, ba ko ƙwayar gishiri, a haɗa da ɗan tuwon dawa. Girki ne mai sauri, kafin ladan ya gyara murya ta sauke.

Mako uku kwanon yana dawowa kusan yadda ya fita. Ta daure. Abin da ya karya ta wata magana ce da ta jiyo daga zaure, wani daga cikin mazan yana cewa, "Ku miƙo kwanon asibitin ga mu ga abin da likita yar rubuta muna yau." Aka kwashe da dariya. Ta gane muryar Haliru a cikin masu dariyar, ƙasa-ƙasa dai, irin ta wanda ba shi da yadda zai yi, amma ta ji ta.

Washegari ta ɗebi gishiri da yatsu uku ta watsa a tukunya. Yatsu uku kawai, me zai yi wa ƙato kamar Haliru? Bayan kwana biyu ta murje dunƙule ɗaya har ya zama gari, yadda ido ba zai gan shi ba. Kafin wata ya ƙare ɗaya ya zama biyu. Ta sami gwangwanin madara ta ɓoye kayanta a bayan buhun shinkafa, kamar yadda ake ɓoye maganin ɓera.

Kwanon ya koma dawowa tas. Haliru ya shigo wata rana yana murna ya ce, "Asabe, kin gano kan abin ga! Mi kika sa?"

"Albasa ta, Maigida. Albasa da citta."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin albasa, ai ba a buƙatar a lallashe shi ya yarda cewa albasa tana iya komai. Ya yarda, ya kuma fita yana shela. Idan ya kwana da ciwon kai sai Asabe ta ce rana ce ta hanyar Aliero. Idan ta kai goshinta ƙasa a salla abin yakan tsaya mata a ƙirji, ta ce daga gobe ta daina. Goben ta kai wata biyu ba ta iso ba. Da Haliru ya ce ta riƙa ƙara yawan kifin ana zubawa a kwano na biyu, ba ta tambayi na wane ne ba. Daɗi ma ta ji, ta ɗauka mazan ne ba ya isar su.

Ran nan bayan La'asar ta ji sallama a tsakar gida. Inna A'i ce, matar Malam Sa'idu, dattijuwa 'yar siririya wadda ba kasafai take shiga gidajen mutane ba. Tana riƙe da roba, tarwaɗa biyu manya suna ciki, ɗaya har yanzu tana motsa baki.

"Sannu da zuwa, Inna. Ina wuni? Ya jikin Baba?" Asabe ta san kwana biyar ke nan Malam bai fito tabarma ba, an ce ƙafafunsa sun kumbura.

"Da sauƙi za a ce, ɗiyata." Ta ajiye robar ta zauna a kan turmi. "Koyo niz zo. Kihin ga da kika yi ma mijinki, wanda ba gishiri, shi nika so ki gwada min da idona. Malam ba shi cin komi sai shi."

Asabe ta ɗago kai. "Baba yana cin kihina?"

"Wata biyu ke nan. Ke ba ki sani ba? Shi ma ai an hana mai gishiri tun bara, ga jini ga ƙoda. Da can nashi daban nika yi mai, shi ci cikin gida, shi hita shi zauna da su don hira. Da Haliru yar rantse mai naki ba ko ƙwaya, sai yab bar nawa. Yanzu da ba shi hita, Haliru ka kawo mai kwano har ɗaki. Allah shi yi muku albarka."

Asabe ba ta iya cewa amin ba. Ta sunkuya ta ɗauki robar don kada a ga fuskarta.

Ta hura gawayi. Ta zuba wa kifin ruwan zafi, ta goge yauƙin da toka, ta ɗauraye da lemon tsami ta yanka gunduwa-gunduwa. Inna A'i ta matso da turmin kusa, tana bin hannunta da ido, tana lanƙwasa yatsa ɗaya duk lokacin da aka sa wani abu, don ba ta rubutu. Ta karɓi wuƙa ta ce ita za ta yanka albasar, manya huɗu jajaye 'yan Aliero. Asabe ta jajjaga tattasai da tarugu ɗaya da tumatir, ta daka citta da tafarnuwa da masoro, ta sa mai cokali guda, ta zuba albasar ta bar ta ta yi laushi.

Tana juya albasar ne dattijuwar ta fara magana, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Shekaranjiya munka koma asibiti. Likita yad duba ƙahwahun, yac ce wallahi mutumen ga yana cin gishiri, ko ya sani ko bai sani ba. Malam yac ce shi dai abu biyu shika ci, kihin gidan Haliru da dare, da abin da A'i tab ba shi da sahe da rana. Na gidan Haliru kuwa an rantse mai. To saura wa?"

Asabe ta zuba ruwa a tukunya. Wani ya zubo a kan gawayin ya yi cuu.

"Na rantse mai da Alƙur'ani, bai yarda ba. Yac ce tausai ka sa ni, wai ina ganin ba shi ci sai in ɗan barbaɗa. Jiya Zaharaddeen yaz zo daga Maiyama." Babban ɗansu ke nan, malamin makaranta. "Ɗan da nih haihwa, Asabe. Yash shiga madahina yana buɗe kwanoni ɗai-ɗai. Yak kwashe gishirin gidan duka yas sa cikin mota. Yac ce, Inna, in ba ki iyawa ki hwaɗi, a kawo mai yi. Gaban matatai yah hwaɗi haka."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kukan ma da ya fi wa Asabe sauƙi, sai ta rungume ta su yi tare, maganar ta bi ruwa. Amma a bushe take faɗa, tana tsince zogale daga itacensa, ganye bayan ganye.

Ruwan ya tafasa. Asabe ta jera gunduwoyin kifin a ciki ta rufe. A daidai nan ne kullum take juyawa wajen buhun shinkafa, kuma sai da jikinta ya juya da kansa, ƙafarta ta yi taku ɗaya, kafin ta tuna akwai mai kallo. Ta tsaya cak, ta yi kamar murfi take nema.

Wata zuciyar ta ce mata ai shi ke nan, Allah ya rufa asiri. Daga yau ta daina, Inna ta koyi na gaskiya, ƙafafun Baba su saɓe, kowa ya huta, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Hanya ce mai kyau, har ta fara jin numfashinta yana dawowa. Ta watsa zogalen, ta girgiza tukunyar da hannu biyu don kada kifin ya farfashe, ta matse sauran lemon, ta sauke. Ƙamshi ya cika gidan, kuma ba ƙarya, ƙamshi ne mai kyau.

"Har an gama?" in ji Inna A'i, tana duban yatsunta goma da ta lanƙwasa. "Ba abin da kinka mance?"

"Babu, Inna."

Dattijuwar ta karɓi ludayi ta ɗiga romon a tafin hannunta ta lasa. Ta sake ɗigawa ta sake lasa.

"Da daɗi," ta ce a hankali. "Amma ba shi na ba. Ina ɗanɗana sauran da Malam ka bari, na san shi." Ta juya hannayenta tana kallon su, baya da ciki. "Ko don ni niy yanka albasar? Kin san tun ran da likita yay yi maganar ga ban yarda da kaina ba. Ina cewa ko tsuhwa ta kama ni, ina zubawa ina mancewa. Watakila dai hannuna na, Asabe. Komi nit taɓa sai ya lalace."

Asabe ta iya jure ciwon kan Haliru wata biyu, ta kuma jure labarin ƙafafun Malam tsawon dahuwar kifi. Wannan ne ba ta iya ba. Ta tafi bayan buhun shinkafa ta ɗauko gwangwanin, ta buɗe shi ta ajiye a gaban dattijuwar, ta durƙusa.

"Ga abin da ba ki ƙirga ba, Inna. Gishiri yatsu ukku, dunƙule biyu, kullum. Ba hannunki na ba. Ni ta. Dariya anka yi ma kwanona, ban iya daurewa ba. Wallahi ban san Baba na ci ba."

Inna A'i ta leƙa cikin gwangwanin.

"Ba ki san Malam na ci ba," ta ce. "Haliru hwa? Shi ma ba ki sani ba?"

Asabe ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta har ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"Tashi. Ni ba ni da abin da zan yi da durƙusonki. Ɗauko hijabinki ki zuba kihin a kwano. Wanda bai yarda da rantsuwata ba, shi za ki gaya ma da bakinki."

Suka fita ana kiran Magariba. Gida uku ne tsakani, amma Asabe ta ji kamar Maiyama za ta da ƙafa. Ba a kai ga shimfiɗa tabarmar a ƙofar gida ba, mazan sun tafi masallaci, Haliru yana cikinsu, kuma ta san idan ta gama da wannan ɗakin akwai nata ɗakin yana jiran ta.

Malam Sa'idu yana kishingiɗe, an ɗora masa ƙafafu a kan matashi, sun kumbura har fatar tana sheƙi. Da ya ga Asabe da kwano sai fuskarsa ta washe.

"A'a, yau da kanki? Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Ba don kihinki ba da tuni an kai ni. A'i, kin dai tsaya kin koya ko? Ki riƙe da kyau."

Asabe ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta faɗa masa duka, yatsu uku da dunƙule biyu da wata biyu, muryarta tana yankewa tana kamo ta. Ta gama ta jira ya yi mata faɗa, tana ma fatan ya yi.

Ko kallon ta bai yi ba. Matarsa yake kallo, wadda suka shekara arba'in da ɗaya tare.

"A'i," ya ce. Ya sake cewa, "A'i."

Inna A'i ta buɗe kwanon, ta zare ƙayar da ke cikin gunduwa ɗaya da yatsunta, ta tura shi gabansa. Ba ta ɗago ido ba.

"Ci tun da zahi, Malam," ta ce. "Wanga ba komi ciki. Asabe na nan, tambaye ta."