Katifar Baba Bara'u

Jamilatu tana cikin wanke gyambon da ya buɗe a ƙugun Baba Bara'u aka banko ƙofar ɗakin. Aminullahi ne, babban ɗan tsohon, likita a Manchester. Ko rigar sanyi bai cire ba.

"Ke ce nas ɗin? Ina katifar da kuka yi alkawari?"

Ba ta ɗago ba. Babbar nas ce a wani ƙaramin asibiti a nan unguwar Lozells, tana duba marasa lafiya, tana rubuta magani. Da, da kanta take odar katifa mai iska ga wanda kwanciya ta fara cin jikinsa. Bana hukumar yankin ta ce sai da sa hannun likita.

"Na nema tun makon jiya, Dakta. Sai GP, likitan unguwa, ya amince, shi kuma yana hutu. Wanda ya riƙe masa ya ce bai san Baba ba."

"Wannan ai zancen banza ne! Tun daga Old Trafford na tuƙo mota don in ji wannan? Kin bar mahaifina yana ruɓewa."

Sai a lokacin ta miƙe, audugar tana hannunta.

"Ni na bar shi? Ni nake zuwa kullum. Kai rabonka da gidan nan tun Sallah."

Fuskarsa ta haɗe. "Ki iya bakinki, Malama. Zan kai ƙararki."

"Kai mana. Amma tunda likita suke so, ga ka. Sa hannu."

Su biyun sun san ba a yarda likita ya rubuta wa mahaifinsa komai ba, balle a garin da ba nasa ba.

"Ku likitoci kuka ce hannunmu ya yi sako-sako da kayan gwamnati," ta ce. "To, ga amfaninsa nan a jikin Baba. Matso ka duba."

Bai matso ba. Warin ya riga ya kai masa.

Daga kan gado muryar tsohon ta fito, can ƙasa.

"In kun gama, a juya ni. Gefen nan wuta yake."

Jamilatu ta kama kafaɗa, Aminullahi ya kama ƙafafu. Suka juya shi a hankali, ba wanda ya dubi wani.