Darbejiyoyin Tudun Marke

Duk wanda ya taɓa shiga Sakandaren Gwamnati ta Tudun Marke, can tsakanin Batsari da Safana, abin da ya fara gani shi ne darbejiya. Layi biyu ne, dama da hagu, tun daga bakin ƙofa har ofishin shugaban makaranta. Na bakin ƙofa manya ne, mutum ɗaya ba ya iya rungume su. Ana ƙara shiga ciki suna ƙara sirancewa. Kowace bishiya kuma da mai ita.

Marigayi Malam Jinjiri, shugaban makarantar na farko, shi ya kafa wannan al'ada tun ana jihar Kaduna, lokacin da makarantar ba ta wuce ajujuwa biyu da rijiya ɗaya ba. Duk shekara, ɗalibin da ya fi kowa a jarrabawar fita shi zai dasa bishiya da hannunsa, ya ba ta ruwa har ta kama. Sai ya ɗora doka a kai: ba a sarar ko da reshe sai da izinin mai ita, in kuwa ya rasu sai da izinin iyalansa. Ba a taɓa kafa allon suna a gindin ko ɗaya ba. A baki ake riƙe sunayen, kuma aikin malamin tarihi ne ya zagaya da sababbin ɗalibai a makonsu na farko ya koya musu.

Malam Armaya'u, mutumin Karare, shi ya gaji wannan aiki, ya yi ta yinsa har furfura ta cika masa gemu, aka kuma ba shi mataimakin shugaba. Yakan tsaya a gindin ta farko ya dafa ta, ya ce, "Wannan ta Mai Shari'a Salmanu ce. Ba shi da takalmi ranar da ya fara zuwa nan." Sai ya matsa gaba. "Wannan ta Farfesa Hamidu ce, daga ruga yake tahowa kullum bayan ya gama tatsa, yanzu shi ke koyar da likitocin dabbobi. Waccan ta Dakta Mahfuza ce, mace ta farko da ta dasa." Haka zai yi ta tafiya a hankali, yaran na biye, kowannensu na satar kallon filin da ya rage a ƙarshen layi.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, aka rufe makarantar, aka kwashe ɗaliban zuwa cikin Batsari. Shugaban ya bi su. Malam Armaya'u aka bar wa makullai. Ba a jima ba mutanen ƙauyukan da aka ƙona ta wajen Tsaskiya suka fara isowa da tabarmi da tukwane a ka, shi kuwa ya buɗe musu ajujuwa, ya raba su gida-gida, ya ware wa mata makewayinsu.

Cikin waɗanda suka zo har da Kamalu, tsohon ɗalibinsa, da matarsa Zuwairatu da tsohon ciki, da mahaifiyarsa Uwani. Kamalu bai taɓa zuwa kusa da na ɗaya ba. Da ƙyar ya fita, ya koma noma da facin taya. Da aka nuna masa inda za su zauna sai ya tsaya ya dubi ƙofar, ya dubi malamin.

"Malam, ai wanga ajinmu ne. Ashe dai sai na maimaita shi, kamar yadda ka sha faɗi."

"Wannan karon ka zauna a gaba," in ji Malam Armaya'u.

"Inna ta riga ta kama gaba. Ni dai baya ta saba da ni."

Hatsi bai yi ƙaranci sosai ba da farko, don wasu sun tsira da buhu, masu taimako ma sukan kawo. Itace ne ya zama masifa. Karan gonakin kusa ya ƙare. Gwamnati ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma sa an katse layukan waya a yankin gaba ɗaya. Wanda duk ke son makamashi sai ya ƙetare rafi ya shiga daji da ƙafarsa, dajin kuwa yana da masu shi. Matan da suka gwada zuwa sun dawo a guje, wata ba mayafi, wata ba gatari.

Malam Armaya'u ya fito da karyayyun bencina ya bayar, aka ƙone. Shi ma yana da bishiya a layin hagu, wadda ya dasa yana saurayi. Ya kira maza ya ce su sare ta, ya koma ofis ya zauna har suka gama. Aka faskara, aka shanya, aka raba. Mutane sun yi yawa, ba ta daɗe ba.

Ana cikin haka Zuwairatu ta haihu, namiji. Ranar da aka yi suna, ba rago ba taro, Kamalu ya sami Malam Armaya'u a baranda da hantsi. Suka gaisa, ya tambayi mai jego da jariri, Kamalu ya ce da sauƙi, sannan ya durƙusa.

"Malam, maganar wankan jego ce. Ka san itacen a wuyana yake. Inna ta ce ruwan da muke samu ɗumi ne kawai, ba zafi ba, ga ƙafafun yarinyar sun fara kumbura. Ko kunun kanwa ba a dama mata kullum."

"Na sani, Kamalu."

"Bedin nan na bakin ƙofa, reshe biyu kawai. Wallahi mai shi ko ya zo ba zai gane ba."

Malam Armaya'u ya dubi darbejiyar, wadda mutanen yankin ke kira bedi. Ya san gaskiya Kamalu ya faɗa. Amma ya shafe rayuwarsa yana gaya wa yara cewa abin da ba naka ba sai ka tambaya, kuma a ransa yana ganin ranar da aka fara sara ba izini, ranar makarantar ta tashi daga rufaffiya ta koma matacciya.

"Ganye dai ku tsinka yadda kuke so, na wankan," ya ce. "Reshe kuwa ka ba ni lokaci. Gobe zan shiga Katsina inda waya ke aiki, in kira masu su. Mutanen kirki ne, ba za su hana ba."

Kamalu ya yi 'yar dariya. "Ga ganye, ba ruwan zafi. To, Malam. Allah shi kai mu."

Washegari Malam Armaya'u ya shiga motar Katsina. Tafiyar da ba ta da nisa ta cinye rabin yini saboda shingayen bincike. Da wayarsa ta kama layi sai ya sauka, ya sami inuwar wani shago, ya fara kira daga babba zuwa ƙarami, yadda yake bin layin da ɗalibai.

Mai Shari'a Salmanu ya ɗauka da kansa. Ya yi ritaya, muryarsa ta tsufa. Suka daɗe suna gaisawa, ya jajanta, ya tambayi mutane da sunan garuruwansu. Da Malam Armaya'u ya faɗi abin da ya kawo shi, sai tsohon ya ce:

"Malam Armaya'u, ka san wa ya yi ta ba bishiyar nan ruwa bayan na tafi jami'a? Mahaifiyata. Da tulu a ka. Gidanmu ya rushe, gonar an sayar. Ita kaɗai ta rage mini a ƙasar nan."

"Ranka ya daɗe, rassa kawai."

"In an fara da rassa, ka san inda za a ƙare. Ka dakata. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta zauna ƙarshen wata, zan sa a sayi gawayi mota guda a aiko. Wannan alkawari ne."

"Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Sai dai akwai mai jego."

"Allah ya raya. Ka ce su ƙara haƙuri kaɗan."

Wayar Farfesa Hamidu ba ta shiga ba sam. Ta Dakta Mahfuza wata yarinya ce ta ɗauka, ta ce Dakta na ɗakin tiyata, za a gaya mata. Wani babban sakatare ya ce shi bai ƙi ba, amma kada a taɓa tasa kafin ta Mai Shari'a, don bai kamata ƙarami ya riga babba ba. Haka ya yi ta gangarowa har ya iso kan Yasmin, wadda ta fita shekarar da ta gabaci rufe makarantar, tana koyon aikin jinya. Ita ko gama bayani ba ta bari ya yi ba.

"Baba Malam, a sare mana. Har sai an tambaye ni?"

Ya yi mata godiya. Bishiyarta ba ta fi taɓarya kauri ba.

Da ya dawo ya sa aka sare ta Yasmin da wasu biyu irinta waɗanda masu su suka yarda, ya ce a kai wa Kamalu. Ɗanyu ne shar. Uwani ta cusa su a murhu, hayaƙi ya cika ajin, jariri ya yi ta tari, ruwa bai tafasa ba. Malam Armaya'u ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi bayanin gawayin da za a aiko.

"Ƙarshen wata," in ji Uwani, ba ta ɗago ba. "Malam, kai ma mace ta haife ka. Jego yana jiran ƙarshen wata?"

Malam Armaya'u ya ce zai sake komawa Katsina ranar Litinin, wataƙila Dakta ta amsa.

Kamalu bai jira Litinin ba. Ranar Asabar bayan sallar asuba ya ari amalanke da jaki da gatari, shi da wasu maza biyu suka ƙetare rafi. Malam Armaya'u bai ji labari ba sai da rana ta ɗaga, ya ga Uwani tsaye a bakin ƙofar makaranta, a inuwar bishiyar Mai Shari'a, tana kallon hanya. Ya je ya tsaya kusa da ita.

Wajen azahar mutum biyun suka dawo ba amalanke. Sun ce sun cika ta har sun juyo, sai suka ji baburan 'yan bindiga. Su suka faɗa cikin kwazazzabo. Kamalu ya tsaya kwance jakin, don aro ne. Sai da la'asar 'yan sa-kai suka je suka ɗauko gawarsa.

A ajin da ya zauna yana yaro aka yi masa wanka. Malam Armaya'u ya buɗe ofis ya ɗauko farin yadin da ake shimfiɗa wa teburin baƙi ranar rabon kyaututtuka, aka yi likkafani da shi. Maza suka tafi maƙabartar bayan katanga suka fara haƙa.

Can sai ga Malam Tayyib, dattijon da ke jan mutanen salla tun zuwansu, ya iso baranda yana share ƙasa daga hannunsa.

"Malam, kabari ya kusa. Sai dai ba itacen da za a jera a rufe shi kafin a zuba ƙasa. Mun duba ko'ina. Ɗanye ma ya fi, in da hali, ya fi daɗewa."

Malam Armaya'u ya tashi. Ya karɓi gatari a hannun wani, ya bi tsakiyar layin har bakin ƙofa, mutane na biye da shi daga nesa. Ya tsaya a gindin ta farko. Hannunsa bai saba ba, saran farko ya zame, na biyu ya ɗan ci ɓawo. Wani saurayi ya matso ya karɓa a hankali, ya hau, ya fara sauke rassa. Malam Tayyib na auna su da kamu yana cewa a yanke nan.

Aka yi salla, aka kai shi, aka jera itacen, aka sa ganye, aka rufe. Da aka shafa addu'a Malam Armaya'u ya juya ga mazan.

"Ku ci gaba da sara. Ku fara da manyan, ku bi layi. A faskara ƙanana, a baza a filin ƙwallo inda rana ta fi bugawa."

"Masu su fa?" wani ya tambaya.

"Ni zan gaya musu."

Har rana ta yi ja ana jin gatari. Malam Armaya'u ya je ya yi wa Uwani ta'aziyya, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ɗanta ya durƙusa masa. Zuwairatu na can ciki ta juya wa ƙofa baya, jaririn na kan cinyar kakarsa. Uwani ta amsa gaisuwar yadda ake amsawa, ta ce Allah ya ba da lada. Sai ta dubi filin da aka fara baza fararen faskare.

"Wancan sai ya sha rana kafin shi ci wuta. Gobe da mi za a dafa mata ruwa?"

Malam Armaya'u ya sa hannu a aljihu ya ciro makullai. Akwai ɗakin ajiya a bayan ofis inda ya tara bencina da tebura masu lafiya, ya jera su bisa juna, yana jiran ranar da ɗalibai za su dawo. Ya zare makullin daga cikin sauran, ya kira wata mata da ke wucewa da tulu, ya ce ta tara 'yan uwanta su zo da gatari, su fara da na kusa da ƙofa.